Naman Kaza a Cikin Badala: Wanda Zai Yi da Wanda Ba Zai Yi Ba

 



An ba ni magana a kan noman naman kaza a gida, aka kuma ja kunnena cewa lallai in taɓo wani nau'i da ake kira morel, domin shi ne yake yawo a wayoyin yaranmu. Kun san irin bidiyon: mutum ya tsuguna a bayan gidansa, ya barbaɗa wani gari a ƙasa, ya yayyafa ruwa, sai hoto ya juya, ga abu ya cika fili, sannan a rubuta kuɗin kilo ɗaya da dala. To bari in ba da amsa tun yanzu, don kada wanda uzuri zai fitar kafin in gama ya tafi ba ita. Morel ba zai yi a Yakasai ba, ba zai yi a Mandawari ba, ba zai yi a gindin Dala ba. Amma yana da ɗan'uwa da zai yi, kuma tsohon gidan ƙasa na cikin birnin Kano ya fi gidan bulo mai rufin kwano dacewa da shi.

Mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Naman kaza ba tsiro ba ne irin su alayyafo da rama. Ba shi da ganye, ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. Danginsa su ne funfunar da ke kama burodi in ya daɗe a leda, da yis ɗin da ke kumbura ƙullin burodin tun farko. Ainihin jikinsa wani farin zare ne siriri da ke ratsa ƙasa ko ruɓaɓɓen itace yana cin abin da ya mutu. Laimar da muke gani ta ɓullo a gindin bishiya ko kan juji bayan ruwan Agusta haihuwa ce kawai. Zaren ya ƙoshi, yanayi ya yi masa, sai ya turo ta waje don ta watsa ƙurar irinsa a iska. Saboda haka aiki biyu ne a gaban mai wannan noma: ya ciyar da zaren har ya ƙoshi ba tare da wata funfunar ta riga shi cinye abincin ba, sannan ya kawo masa yanayin da zai sa ya haihu.

A ƙasar nan tamu akwai wadda ta riga mu wannan sana'a da miliyoyin shekaru, ita ce gara. Irin garar nan mai gina dogon suri ba ta iya narkar da itace da ciyawar da take kwasowa ita kaɗai. Takan tauna su, ta jera a wasu ɗakuna a cikin surin, ta reni wani nau'in naman kaza a kai, shi ya ruɓar mata, ita ta ci. Ginin surin yana riƙe mata ɗumi da laima kusan daidai dare da rana. In damina ta kankama sai ka ga laima ta fasa ƙasa a gefen suri, da doguwar jijiya da ta nutse har cikin gidan garar. Ana cin wannan nau'i a ƙasashen Afirka da dama, a Zambiya ma akwai wanda faɗinsa kan kusan kai mita guda. Har yau ɗan Adam bai iya noma shi don kasuwa ba. Wato a cikin wannan dangi akwai mai yarda da hannun mutum, akwai mai taurin kai.

Morel yana cikin masu taurin kai. Tsawonsa daga ɗan yatsa zuwa tafin hannu, kansa mai tsini, duk ramuka-ramuka kamar tumbin saniya, cikinsa kuma fanko ne in ka tsaga. Ɗan ƙasashen sanyi ne. Yana fitowa na 'yan makonni bayan ƙanƙara ta narke, lokacin da ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Ana tsintar sa a dazuzzukan Faransa da Turkiyya da Amurka. A tsaunukan Himalaya wajen Kashmir, da kuma a kwarin Suwat na Pakistan, mutanen ƙauye kan hau duwatsu daga Maris zuwa Mayu suna nemansa, su shirya shi a zare, su busar, dillalai su bi su har gida. A yammacin Amurka da Kanada kuwa, shekarar da ta biyo bayan gobarar daji yakan fito da yawa a cikin toka, har masu tsinta su kafa bukkoki a wurin. Kilo guda na busasshe yana kai ɗaruruwan daloli, kuma abin da ya kawo tsadar shi ne wuyar samu.

An fi shekara ɗari ana neman yadda za a horar da shi. A 1982 wani mai bincike a San Faransisko, Ronald Ower, ya ba da rahoton cewa ya sa morel ya haihu a cikin ɗaki. Abin da ya gano shi ne zaren morel ba ya haihuwa kai tsaye. Sai ya tara abinci ya dunƙule shi cikin wasu ƙulle-ƙulle masu tauri, sannan in abinci ya yanke, ruwa ya sauko, sanyi ya daidaita, ƙullin ya farka ya turo ɗa. Wato sai ka ƙosar da shi, sannan ka sa shi yunwa. A 1986 aka yi wa wannan hanya rajistar mallaka a Amurka. Kamfanoni suka zuba kuɗi suka gina ɗakuna, abin ya yi na wani lokaci, amma yau ya ba da, gobe ya ƙi, ga cututtuka, har harkar ta kwanta.

Waɗanda suka mai da shi noma na gaske su ne mutanen ƙasar Sin, musamman a lardin Sichuwan, daga wajen 2012. Su a fili suke yi, ƙarƙashin rumfar raga. Suna shuka irin a ƙasa wajen Oktoba ko Nuwamba in zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. Bayan kamar mako biyu sai su jera ledoji cike da dafaffiyar alkama da garin katako a kan kunyoyin, su tsaga ƙasan ledar. Zaren ya hau ya kwashe abincin ya kai cikin ƙasa. Sanyi ya ratsa shi wata biyu zuwa uku, sannan a shayar da gonar sosai, a girbe a Fabrairu da Maris. Yau dubban hekta ake nomawa haka. Duk da wannan, manoman can sun san iska mai zafi ta kwana biyu a lokacin da 'ya'yan ke ƙanana ta isa ta gama da gona guda. A Danmak kuma wasu tagwaye, Jacob da Karsten Kirk, sun sanar a 2021 cewa suna fitar da baƙin morel a ɗaki duk shekara, wajen kilo 4 a kowace murabba'in mita cikin mako 22. Shekara kusan arba'in suka yi suna bincike kafin su kai nan, kuma a ɗakunan da na'ura ke riƙe sanyi da laima ba ƙyaftawa.

Yanzu mu dawo gida mu auna. A Afrilu zafin Kano yana taɓa digiri 40. A tsakiyar damina da rana muna wajen 30. Lokacin da muke cewa sanyi ya yi sanyi, Disamba da Janairu, da asuba yakan sauko wajen 13, amma kafin azahar ya koma kusa da 30, iskar kuma ta bushe har leɓe na tsagewa. Morel yana son sanyi da laima tare, wata da watanni. Mu kuwa in muna da sanyi ba mu da laima, in muna da laima ba mu da sanyi. Sai dai a rufe ɗaki a kunna na'urar sanyaya wuri dare da rana wata biyar, da irin wutar da kuka sani. Wanda Allah ya hore wa injin da zai iya wannan, shawarata ya sayar da ƙanƙara, ribarsa ta fi tabbas. Ƙunshin garin irin da ake talla a intanet kuwa, ko a ƙasashen da morel ke fitowa da kansa mai saye caca yake yi, ya barbaɗa ya jira shekara ko biyu, sau da yawa bai ga komai ba. Kuma masu bidiyon ba sa faɗin cewa ɗanyen morel guba ne. A 2023 a garin Bozman na jihar Montana a Amurka, mutum 51 suka kwanta, biyu suka rasu, bayan sun ci morel da ba a dafa ba, ko aka dafa sama-sama, a wani gidan abinci.

To wane ne zai yi? Shi ne wanda ake kira oyista. Fari ne ko toka-toka, mai faɗi, yana fitowa gungu-gungu, wani bisa wani, daga jikin mataccen itace. A Jamus aka fara noma shi lokacin yaƙin duniya na farko da abinci ya yi wuya, yau kuma yana cikin nau'ukan da aka fi nomawa a duniya. Ba ya zaɓen abinci, kuma akwai jinsunansa da ke haihuwa a tsakanin digiri 22 zuwa 30, wato damina tamu sak. A Nijeriya ba baƙo ba ne. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975 kuma take da reshe a nan Bagauda, da cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas, da cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, duk sun daɗe suna aiki a kansa suna koyar da mutane.

Lokacin da Bature matafiyi Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa ana noma shi. Tun zamanin Sarki Gijimasu da ya fara ginin ganuwar aka kewaye har da gonaki, saboda ko an yi wa gari zobe a sami abin ci. Yau ina filin? Ko wurin shanya ya zama abin rigima. Noman da ya rage wa ɗan cikin birni shi ne wanda ba ya bukatar ƙasa ko rana, wanda ake jerawa sama a kan kanta. Ɗaki mai ƙafa goma zai ɗauki leda ɗari ba matsi.

Abincinsa kuwa muna tattaka shi kullum. Ga karan shinkafa da na alkama daga Kura da Kadawa da Garun Malam, inda ruwan Tiga ke shayarwa. Ga ɓawon gyaɗa, ga totuwar masara, ga garin katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Mai farawa ya fara da karan shinkafa, ya fi sauƙi. Amma kada a ɗauka kyauta ne, domin masu kiwo ma suna nemansa da rani. A saye shi lokacin girbi, mai tsabta, launin zinariya, wanda ruwa bai taɓa ba, a adana a busasshen wuri.

Ga yadda aikin yake. A daddatse karan gajere-gajere, kamar tsawon ɗan yatsa. A cusa a buhu, a nutsar a duro mai ruwan zafi, digiri 70 zuwa 80, wato ya fara tururi sosai amma bai tafasa ba, a ɗora dutse, a riƙe wutar haka awa ɗaya zuwa biyu. Mutane kan ce ai gara a tafasa shi ya mutu gaba ɗaya. A'a. Ana so a kashe funfunar da za ta yi kishi da namu, a bar wasu ƙananan halittu da ba sa cutarwa, su tsare wurin. In ka kashe kowa, duk wanda ya fara faɗowa daga iska shi zai mallaki ledar. A fito da shi, a rataye ya tsane, a baza a kan sabuwar leda da aka goge ya huce. Kafin a zuba iri a yi gwaji biyu da hannu. A tura hannu tsakiyar tarin, in da sauran zafi a jira. Sannan a damƙi cikin tafi a matse da ƙarfi: in ruwa ya zubo ya yi yawa, in ba ko danshi ya yi kaɗan, abin da ake so ɗigo ɗaya ko biyu su fito ta tsakanin yatsu.

Daga nan sai tsabta. A wanke hannu da sabulu, a rufe ƙofa, a kore yara da kaji. A ɗauki farar leda mai kauri, a zuba kara kamar kamu ɗaya, a danna, a barbaɗa iri ta gefe-gefe, a sake zuba kara, haka har ta cika. Kilo guda na iri ya isa kilo 20 na jiƙaƙƙen kara. A ɗaure bakin, a huda ƙananan ƙofofi da allura mai tsabta don ya sha iska, a ajiye a wuri mai duhu. Kwana uku zuwa huɗu za ka ga fari ya fara yaɗuwa daga kowace ƙwayar iri. Cikin mako biyu zuwa uku ledar ta koma fara fat, ta yi tauri, tana wani ƙamshi mai daɗi. A wannan lokaci ledar da kanta tana fitar da ɗumi, don haka kada a cunkushe su jiki da jiki. In cikinta ya wuce digiri 35 zaren ya fara mutuwa.

Da ta yi fari duka sai a tsaga ta da reza wuri huɗu ko shida, a kawo ta inda akwai ɗan haske, irin wanda za ka iya karatu da shi, ba rana ba. Yanzu laima ake so, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, da iska mai shiga da fita. Cikin mako guda za ka ga wasu ƙananan kawuna sun cunkuso ta bakin tsagar. Daga ranar kullum sai sun ninka, kwana huɗu ko biyar sun isa. A cire tun gefen laimar yana ɗan lanƙwashe ƙasa, kafin ya miƙe ya fara zubar da farar ƙura. A kama gungun gaba ɗaya a murɗa. Ledar za ta huta kamar kwana goma ta sake bayarwa, har sau uku, kowanne bai kai na gabansa ba. In hannu ya faɗa, kilo guda na busasshen kara yana ba da rabin kilo zuwa kilo guda na ɗanyen naman kaza.

Shi kansa zai gaya maka abin da ke damunsa. In ka ga ƙafa ta yi tsawo, laima ta tsuke, iska ce ta yi kaɗan, buɗe taga. In ƙananan kawunan sun yi ruwan ƙasa sun ƙeƙashe, laima ce babu. In sun yi ruwa-ruwa sun yi rawaya, ka cika fesa musu ruwa a jiki. In kuwa ka ga koriyar funfuna a cikin leda, wannan ita ce babbar abokiyar gaba. Kada ka buɗe ta a ɗakin don ka leƙa, kada ka ce bari a ga ko za ta warke. Fitar da ita a rufe, ka kai ta nesa. Leda ɗaya mai kore da aka tausaya wa ta isa ta cinye ɗaki.

Na ce gidan ƙasa ya fi dacewa, kuma kowa a nan ya san dalili: shiga tsohon soro mai kaurin bango da rufin azara da tsakar rana, ka fito ka shiga ɗakin kwano. Bangon tubali yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barin ɗaki ya yi tsalle daga sanyi zuwa zafi, abin da zaren nan ya fi ƙi ke nan. Amma, iyayena masu gidaje, ga inda za ku sa ido. Ruwa shi ne ajalin ginin ƙasa, duk damina muna jin labarin katangar da ta zauna. Kada yaro ya ce zai yi sana'a ya dinga fesa wa bangon gado ruwa safe da yamma. A kafa kanta ta itace ko ta ƙarfe a tsakiyar ɗaki, a bar tazara da bango, a kewaye ta da leda, a rataya buhunan algarara a ciki, su za a dinga jiƙawa. A ƙasa a shimfiɗa leda, a zuba yashi a kai, a jiƙa yashin. A sa raga a taga saboda ƙananan ƙudaje da ke yin ƙwai a jikinsa, a toshe ramin ɓera. Kuma ba a ɗakin kwana ba. Ƙurar da yake fitarwa in ta yi yawa tana sa tari da sarƙewar numfashi, mai asma kada ya zama shi ne mai shiga.

Wannan jiƙaƙƙen yashi da buhu ba sabuwar dabara ba ce a wurinmu. Ita ce hikimar randa, ita ce kuma Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ruwa in yana tashi yana tafiya da zafi, kuma ya fi aiki in iska ta bushe. Shi ya sa da hunturu ma ana iya yi, sai dai a shirya wa ruwa. A unguwannin da famfo ya zama tarihi, sai an jira mai kura, kuɗin jarka yana cikin lissafi tun ranar farko. Ruwan kududdufi ko na kwata kuwa ko kusa. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne Yuli zuwa Satumba, sama ta ɗauke maka rabin aiki. Daga Maris zuwa Mayu a rufe ɗaki, a wanke, a huta. Wanda ya ƙware yana iya waiwayar wasu nau'i biyu masu son zafi, digiri 30 zuwa 35: na karan shinkafa da ake nomawa a kudancin Sin da Tailan, da wani fari sol da jami'ar noma ta Tamil Nadu a Indiya ta fitar wa manoma a ƙarshen shekarun 1990. Amma wannan karatun gaba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne iri. Ba a yin sa a tsakar gida, sai a ɗakin gwaji mai tukunyar matsin tururi da wurin aiki da ƙura ba ta shiga. Abin mamaki, a kan dawa ake renonsa: a dafa ta sama-sama, a zuba a kwalba, a kashe duk wata ƙwayar cuta, a sa zaren ya mamaye ta. Dawar tana jibge a Dawanau, amma mafi yawan masu yin irin suna kudu. Kwalba ta kwana a bayan mota, ta wuni a tasha cikin rana, ta iso a mace, mai saye ya ɗauka hannunsa ne ba shi da kyau. In iri ya iso a duba: ya zama fari ko'ina, ba kore, ba baƙi, ba ruwa kwance a gindi, ba warin tsami. A yi amfani da shi da wuri. Ina kuma kira ga malamanmu na Jami'ar Bayero, musamman cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta: ɗalibin da ya karanta ilimin ƙananan halittu ya san duk abin da ake bukata don yin wannan iri. Ɗaki guda mai tsabta da mutum biyu masu haƙuri sun isa su wadata birnin nan. A ganina wanda zai fi cin riba a wannan harka a Kano ba mai noman ba ne, mai sayar wa manoma iri mai kyau ne.

Sai kasuwa, kuma a nan ba zan yi muku daɗin baki ba. Bahaushe bai saba cin naman kaza ba. Da yawanmu in mun gan shi a juji ƙafa muke sa masa. Kuma kaya ne da ba ya jira: kashi 90 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, a zafinmu kwana ɗaya ko biyu ya yi laushi, a firji ya yi kamar mako. Saboda haka a nemo mai saye kafin a jiƙa kara. Masu sayen suna nan: gidajen abincin 'yan Sin da Indiyawa da Kwarori, manyan otal-otal na Nassarawa da Bompai, manyan kantuna, da 'yan'uwanmu mutanen kudu da ke Sabon Gari, waɗanda tun a gida suke sa shi a miya. A je musu da samfuri a hannu, a tambayi kilo nawa suke so a mako, wace rana. Su abin da suka fi so kada ka yanke musu. Abin da ya rage a tsaga a shanya a kan raga a inuwa mai iska, iskar hunturu ta fi kowace na'ura. Kilo 10 na ɗanye yana komawa kilo guda, ya yi watanni a kwalba, a daka shi a sa a miyar kuka.

Ku fara da leda goma, ba ɗari biyar ba, kuma girbin farko ku ci a gida. A yayyaga shi da hannu, a sa a kasko mai zafi ba ruwa har nasa ruwan ya ƙone, sannan a zuba mai da albasa da attaruhu, a barbaɗa yajin ƙuli. Wanda aka ba bai sani ba zai tambayi wane irin nama ne. Ga iyayenmu mata da suka riƙe gidaje da ɗinkin hula da taliya da alkaki ba tare da sun fita ba, wannan sana'a ce da ta shiga sahu: ba nauyi, ba hayaniya, mintoci ne safe da yamma. Ragowar karan da ya gama bayarwa kuma taki ne, masu lambu za su karɓa.

In kun zo talla kada ku yi ƙarya. Za ku ji ana cewa yana maganin daji, yana maganin sukari, ya fi nama gina jiki. Abinci ne mai kyau, ba kitse, akwai sinadaran bitamin da ɗan abin gina jiki, kamar giram 3 a cikin giram 100 na ɗanye, nama kuwa yana da wajen 20. Ku sayar da shi a matsayin kayan miya mai daɗi. Ta fuskar addini, malamai suna gabana, sun fi ni sani, amma mun san wani ɗan'uwansa da ke fitowa a ƙarƙashin yashin sahara bayan ruwa, wanda Larabawa ke kira kam'a, an ambace shi da alheri a hadisan Buhari da Muslim. Abin da ba ya sa maye, ba ya cutarwa, halal ne.

Saura jan kunne guda, domin na san halin yara. Za a fita daga nan an ji cewa naman kaza kuɗi ne, ruwa ya sauka, wani ya ga laima a maƙabarta ko filin makaranta ya cika riga. Kada a ci wanda ba a shuka ba. Akwai wani babba fari mai kyan gani da ke fitowa a kan ciyawa a ƙasashe masu zafi, in ya girma ƙarƙashin laimarsa yakan yi kore-kore, yana sa amai da gudawa mai tsanani. Akwai kuma masu gubar da ba ta nuna kanta sai bayan awa 6 zuwa 24, mutum ya yi amai, ya ji kamar ya warke, alhali hanta tana lalacewa. Dafuwa ba ta kashe irin wannan guba, shanya ba ta kashe ta. Maganar a sa cokalin azurfa a gani ko zai yi baƙi, ko a ce ai tsutsa ta ci, ko akuya ta ci ba ta mutu ba, duk ba ta da tushe. In tsautsayi ya sa yaro ya ci, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a gani. A kai shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano nan take, ko da yana wasa, a tafi da ragowar abin da ya ci a ƙunshe a takarda don likita ya gani, a kuma faɗi ƙarfe nawa ya ci.

Shugaban taro, nan zan dakata, na ga hannuwa sun fara tashi ta ɓangaren iyayenmu mata.